Gajeren Zango

Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1980 tsakanin Gaya da Ajingi, shugaban ƙasa na farko da muka haddace sunansa soja ne. Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba, 1993, daidai lokacin da ake ɗora mana hannu bisa kai a ga ko ya taɓo kunne, a saka mu aji ɗaya. Ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998, muna dab da gama firamare. Idan yau aka yi zancen ƙasar da duniya ta juya wa baya, da yaran da ake ɗura wa son shugaba tun ba su san dama da hagu ba, hankalin mutane Koriya ta Arewa yake tafiya. Mu kuwa namu yakan fara biyawa ta filin makarantarmu, domin mun ɗan lashi abin, ko da ba mu kai ga sha ba.

Ba a taɓa zaunar da mu an ce ga darasin son Abacha ba. A hankali abin yake shiga, kamar yadda hayaƙin murhu ke kama tufafi. Da safe mu yi layi, mu rera taken ƙasa da alƙawarin biyayya cikin Turancin da ba mu san ma'anarsa ba. Hotonsa na rataye a ofishin hedimasta. A jarrabawa a tambaye mu sunan shugaban ƙasa da na gwamna, mu rubuta Janar Sani Abacha da Kanar Abdullahi Wase, daga baya kuma Kanar Dominic Oneya. Ba wanda ya gaya mana ta wace hanya suka hau, ba mu kuma tambaya ba. A lissafinmu na yara, shugabancin ƙasa wani muƙami ne a gidan soja: daga kofur sai saje, a yi ta hawa har janar, sannan shugaban ƙasa. Ko a wasanmu na bayan gida, da bindigar kara, wanda ya fi ƙarfi shi ne ke yin juyin mulki, sauran su ƙame masa. Idan 1 ga Oktoba ta gabato, makonni muke yi muna koyon fareti a rana, yawancinmu ba takalmi.

Sai haruffan nan uku, PTF. Muna ganin su a jikin littattafai, a kwalin magani a asibiti, a allunan gefen titi. Asusu ne da aka kafa bayan an ƙara kuɗin man fetur zuwa naira 11 a 1994, aka ɗora Janar Muhammadu Buhari a kansa. Ya yi aiki, duk wanda ya rayu a lokacin ya gani da idonsa. Abin da ba a rubuta a jikin allon ba shi ne cewa iyayenmu ne suka biya, duk sanda suka hau motar Wudil ranar Juma'a ko suka sayi kwalbar kananzir ta fitila. Yaro hannun da ya miƙo masa yake gani, ba ya ganin aljihun da aka zaro.

Amma abin da ya fi kama mu kalma ɗaya ce: namu ne. A Kano aka haife shi, a Kano ya tashi, harshenmu yake yi. Duk wanda ya soke shi akwai kwandon da aka tanadar masa, ko ɗan NADECO ne, ko jaridun Legas ne, ko Turawa ne masu hassada. Abin mamaki shi ne a zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda soja suka soke, Moshood Abiola ne ya ci jihar Kano, ya kayar da Bashir Tofa a gidansa. Iyayenmu na cikin waɗanda suka tsaya a layi ranar. Cikin 'yan shekaru aka juya labarin ya koma rigimar Yarbawa, har wasu da suka jefa ƙuri'ar suka daina ambaton wanda suka zaɓa.

Ranar 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas 'yan ƙabilar Ogoni a Fatakwal. Washegari ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, ƙasashen Turai suka janye jakadunsu, aka hana sayar wa sojanmu makamai. Mu yara ta hanyar ƙwallo abin ya iso mana. Mu ne zakarun Afirka na 1994, amma a Janairun 1996 aka hana 'yan wasanmu zuwa Afirka ta Kudu kare kofinsu. An ce ba a amince da tsaron lafiyarsu ba. Ainihin dalilin shi ne Nelson Mandela ya fito ya nemi a hukunta gwamnatin Abacha. Hukumar ƙwallon Afirka ta ƙara mana da haramcin gasar 1998. Da muka doke Brazil da Ajantina muka ci zinare a Atlanta a watan Agusta, sai hakan ya zama hujja a bakin masu gari da gwamnati: kun gani ko, tsoronmu suke ji. Haka mulkin kama-karya yake sarrafa ƙiyayyar duniya. Duk ƙofar da aka rufe masa a waje, sai ya dawo gida ya ce shaida ce ta cewa yana kan daidai.

Shi kuwa kwandon 'yan Kudu da Turawa bai ɗauke kowa ba. Shehu Musa 'Yar'aduwa Bakatsine ne, a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disambar 1997. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki an tuɓe shi a Afrilun 1996 aka tsare shi. Shehu Sani daga Kaduna aka ɗauke shi aka ɗaure a 1995. Abubakar Rimi, maƙwabcinmu na ƙasar Sumaila, wanda har minista ya yi a farkon gwamnatin, an kama shi tare da Sule Lamido a 1998 bayan wasiƙar da wasu 'yan siyasar Arewa su 18 suka aika wa Abacha cewa kada ya gaji kansa, ba su fito ba sai da ya rasu. A watan Maris na shekarar aka tara jama'a a Abuja da sunan tattakin mutum miliyan biyu masu roƙon ya zarce, manyan jami'ai na yawo da bajo mai hotonsa a ƙirji. Kafin Afrilu ya ƙare duk jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista sun tsayar da shi shi kaɗai.

Tambayar da ta dame mu bayan mun girma ita ce, ta yaya waɗannan labarai suka iso ƙauyukan da ba lantarki, ba waya, jarida kuma sai wanda ya je birni ya zo da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta makon jiya? Amsar tana kan tabarmar ƙofar gida. Daga Kademi har Balare da Toranke, da wuya a sami majalisar dattawa da ba rediyo a tsakiyarta, da batiran da aka shanya a rana don su ƙara kwana biyu. A saurari Rediyon Kano, a saurari Kaduna, sannan idan lokaci ya yi mai rediyon ya zaro eriya, ya murɗa allura zuwa gajeren zango, yana lalube cikin shuuu har murya ta fito. Mu muna gefe, aikinmu riƙe fitila da kawo buta.

"Malam, ka ji abin da Kaduna ta ce?"

"Na ji, Alhaji. Bari dai mu ji Landan tukuna."

Bayan Landan a leƙa Jamus, a leƙa Muryar Amurka. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, saboda haka kakanninmu ma da shi suka saba. Ba kowane abin da aka faɗa ake yarda da shi ba. Akwai dattawan da har suka koma ga Allah suna cewa Turawa sharri suke yi wa Abacha. Amma kowane dare labari biyu ake ajiyewa a kan tabarma ɗaya, a yi ta musu har a tashi. Wannan musun shi ne makarantarmu ta gaskiya. A can muka fara gane cewa abin da gwamnati ta faɗa magana ce ta wani, ana iya auna ta.

Sai da muka karanta kimiyyar kwamfuta muka fahimci dalilin da ya sa soja ba su iya toshe wannan ƙofa ba. A 1994 sun rufe jaridun Guardian da Punch da Concord, domin jarida tana da ofishi da injin bugawa da edita da za a iya kamawa. Shi kuwa saƙon gajeren zango sama yake tafiya, ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a nesa mai nisa. Ɗaya daga cikin tashoshin da BBC ke harbo shirye-shiryenta zuwa Afirka tana tsibirin Ascension ne, a tsakiyar tekun Atlantika. Ba kantoman da ke da iko a can. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: rediyo karɓa kawai take yi, ba ta aikawa. Ba ta da rajista, ba ta san sunan mai ita ba, ba ta ajiye tarihin tashar da aka kama jiya. Mutum miliyan goma za su saurara, ba wanda zai iya fitar da jerin sunayensu.

A nan ne Koriya ta Arewa ta sha bamban da mu. A daidai shekarun da muke firamare, daga 1994 da Kim Il Sung ya mutu zuwa 1998, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a can, wasu masu bincike ma suna kai adadin sama da miliyan. Tsararrakinmu na birnin Chongjin, inda abin ya fi muni, su ma suna layi da safe, suna fareti, suna ganin hoton shugaba. Sai dai nasu hoton yana cikin kowane gida, da ƙyalle na musamman na goge shi, ana kuma zuwa dubawa. Kowane baligi yana maƙale da bajon shugaba. An kasa jama'a gida uku bisa tarihin kakanninsu, amintattu da masu rawa da abokan gaba, kuma gidan da aka haife ka shi ke yanke makarantar da za ka shiga da garin da za ka zauna. Kowace unguwa an raba ta rukuni-rukuni na gidaje kamar ashirin zuwa arba'in, da mai sa ido a kan wanda ya shiga da wanda ya kwana. Duk mako ana zaman da kowa zai tashi ya faɗi laifinsa, ya kuma faɗi na wani. Laifin mutum ɗaya yana iya kai iyalinsa duka sansanin gwale-gwale. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa fursunonin siyasa a ƙasar suna tsakanin 80,000 da 120,000.

Rediyonsu kuwa, tun daga masana'anta ake ƙulle allurarta a kan tashar gwamnati, a manna hatimi, a yi mata rajista. Wanda aka samu ya ɓalle hatimin ya shiga uku. Ga yunwa a ciki, ga murya ɗaya tilo tana cewa sauran duniya sun fi su shan wahala. Babu Landan da za a jira. Majalisar ƙofar gida ma babu, tun da maƙwabcinka shi ne mai kai rahotonka. Masu mulkinmu ba su rasa kwaɗayin irin wannan iko ba, bajon ƙirji da tattakin Abuja sun isa shaida. Ƙasar ce ta yi musu faɗi, kasuwanni da masallatai da tashoshin mota suka yi musu yawa, shekarun kuma ba su kai biyar ba. Su can iyali ɗaya ne ke mulki tun 1948.

Da kwamfuta da waya suka shiga Koriya ta Arewa, sai aka mayar da hatimin rediyo cikin manhaja. Suna da intanet ɗinsu ta cikin gida mai suna Kwangmyong, wadda ba ta haɗe da ta duniya. A Satumbar 2016 wani kuskuren saiti ya fallasa jerin shafukan ƙasar da ake iya gani daga waje, aka ƙirga 28 kacal. Suna da tasu babbar manhajar kwamfuta, Red Star. A Disambar 2015 wasu masu bincike biyu 'yan Jamus suka warware ta a wani taro a Hamburg, suka nuna cewa duk fayil ɗin hoto ko bidiyo da aka jona mata, sai ta liƙa masa wata ɓoyayyiyar lamba ta kwamfutar. Idan fayil ɗin ya wuce wata kwamfutar, ita ma ta ƙara tata. A kwatanta da masu tura fina-finai da waƙoƙi a bakin tashar Gaya: a ce duk fim ɗin da aka tura maka yana ɗauke da sunan mai shagon, da naka, da na abokin da ka tura wa, a jere. Wayoyinsu kuma suna ɗaukar hoton abin da ke kan allo lokaci-lokaci su ajiye inda mai wayar ba ya iya gogewa, sannan ba sa buɗe fayil ɗin da bai zo da sa hannun hukuma ba.

Mu wayar hannu ta zo mana a 2001, ta kawo mana abin da iyayenmu ba su taɓa mafarki ba. Amma a aikinmu mun san yadda aka gina ta. Waya tana karɓa tana aikawa. Kowane lokaci tana gaya wa ƙarfen sabis mafi kusa inda take. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Hanyar da saƙo ke bi kuma a cikin ƙasa take, a hannun kamfanoni 'yan ƙalilan masu lasisin gwamnati. Mun ga yadda aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Mun ga yadda a Satumbar 2021 wasiƙa ɗaya daga hukumar sadarwa ta kashe sabis a duk jihar Zamfara, abin ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Gwamnatin farar hula ce ta yi, ta kuma kafa hujja da yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka rabu a kan ko ya yi amfani. Ko ma dai mene ne, kowa ya ga cewa makunnin yana nan, ya kuma ga hannun da yake.

Ko ita rediyon ta sauya. Yawancin masu sauraron tashoshin waje yanzu ta FM suke kamawa, ta gidajen rediyon gida masu haɗin gwiwa da su, ko ta waya. Sauti ya fi fita, amma makunnin ya dawo cikin gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga haka. Sojan da suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ba su yi kwana goma ba suka dakatar da RFI da France 24. A Disambar 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. Abin da Abacha bai iya yi da bindiga ba, yanzu takardar minista ce ke yin sa.

Shi ya sa jikinmu ya yi sanyi a Agustan 2024, da muka ga yara a titunan Kano suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja su dawo. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka kawo gawar Abacha Kano. Yunwarsu gaskiya ce. An cire tallafin mai a Mayun 2023, kwanon masara ya gagari magidanta, ba wanda zai tsaya gabansu da ƙoshi ya yi musu wa'azin dimokuraɗiyya. Ƙannenmu a gida sukan tare mu da hotunan da ke yawo a Facebook da TikTok.

"Yaya, lokacin Abacha fa dala naira 22 ce. Ai gara soja."

Sai mu gaya musu abin da hoton bai ɗauko ba. Naira 22 farashin gwamnati ne, na waɗanda ke da hanya. Ɗan kasuwar Kwari da ke neman dala sama da naira 80 yake saye, ratar kuma aljihun wasu take shiga. Mu gaya musu layin man da ake kwana a kai a 1997 da 1998, da ƙarancin kananzir da ya sa matan birni komawa murhun dusar katako, har aka laƙaba wa murhun sunan Abacha. Mu gaya musu cewa a ƙarshen 2017 ƙasar Suwizalan ta amince ta dawo da dala miliyan 321 na kuɗin da aka gano, a 2020 kuma aka dawo da miliyan 311 daga tsibirin Jersey da Amurka. Ba lallai su yarda ba. Abin da muke so su riƙe tambaya ce guda: shugaban da kuke kira, ranar da ya ɓata, ta wace kafa za ku ji, kuma wa zai bari ku faɗa?

Tambayar ba ta tsaya a kansu ba, ta fi nauyi a kanmu. Wannan ɓoyayyiyar lamba da ke bin fayil daga hannu zuwa hannu ba Kim Jong Un ne ya zauna ya rubuta ta ba. Wani mai irin sana'armu ne, wataƙila tsaranmu, wanda ya tsira daga yunwar shekarun 1990 da wani abu, ya yi ƙoƙari a lissafi, aka zaɓe shi. Ya gwada aikinsa, ya gyara kurakurai, ya ji daɗin da muke ji idan manhaja ta tashi lafiya. Shi ba shi da zaɓi, ƙin yi yana nufin sansani, shi da 'ya'yansa. Mu muna da shi. Kullum ana kawo mana aikin rajistar manoma, rajistar ɗalibai, rajistar masu karɓar tallafi, kuma kowane yana zuwa da fili na lambar waya da lambar ɗan ƙasa da unguwa. Yawanci niyya mai kyau ce. Amma rumbun bayanai ba ya mutuwa da gwamnatin da ta sa aka gina shi, wanda ya gaje ta shi ke gadon mabuɗin. Saboda haka kafin mu ƙara fili ɗaya a fom, mukan tambayi mai aikin me za a yi da shi, wa zai gani, yaushe za a goge. Wasu sukan amsa. Wasu sukan ce, "Injiniya, kai dai yi abin da aka ce." Irin wannan amsar mun san ta tun muna riƙe fitila, kuma a wurinta ne ciniki yake mutuwa.